Igiya a Bakin Gonar Sha'ir

Kuikkavaara,
26 ga Agusta, 1968.

Mijina Tauno,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya ƙafar nan taka, ta bar kumburi? Mu nan lafiya lau, sai ruwa. Inna tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko har yanzu kana tuna hanyar gida.

Wasiƙarka ta zo. A ɗakin shanu na karanta ta don kada Inna ta ga fuskata. Ka ce kamfanin motocin sun yi maka alkawarin gida a can Suwidin, ka kuma tuna mini maganarmu: in sha'irin bana ya yi, ka dawo mu zauna, in ya lalace kamar na bara, mu sayar da shanu in biyo ka, Inna kuwa a kai ta gidan tsofaffi na cikin gari, tunda ta rantse ba za ta mutu inda ba ta jin yaren fasto ba. Ban manta ba, Tauno, ba sai ka ja layi a ƙarƙashi ba. Ni na amsa da bakina, amma a watan Yuni na amsa, lokacin da rana ba ta faɗuwa ko da dare a arewar nan tamu, kowa ma jarumi ne. Har yau ban gaya mata ba. Uwata ce, kuma ita da Baba suka tumɓuke kututturan gonar nan da hannunsu.

Sha'irin ya yi kyau, sai dai ɗanye ne shar. In ka matsa ƙwaya, farin ruwa ke fitowa kamar nono. Rana kawai yake so, ita kuwa ta yi ɓatan dabo. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, kullum kuma mutumin rediyo da muryarsa ta mai ƙoshi: arewa ruwa, arewa ruwa.

Jiya ina tsaye a bakin gona ina zagin sama sai ga maƙwabcinmu Jaakko. Ya ce, "Lyyli, rufe bakinki! Hadarin nan shi ne bargonki. Ranar da aka yaye shi, raɓar ƙanƙara za ta taso daga fadama ta kwanta miki a kai." Na ce, "To in ji da wanne, tsohon banza? Ruwa ya ruɓar, ko sanyi ya ƙone?" Ya ce in zaɓi wanda ya fi mini daɗi. Dariya muka yi, amma da na shiga gida abinci bai ciwu ba.

Ban san abin da zan roƙi Ubangiji ba. Ka roƙa mana duk wanda ka ga ya fi.

Taka,
Lyyli.


Kuikkavaara,
2 ga Satumba.

Tauno,

Ina gaishe ka, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, cikin sauri nake yi.

Rediyo ya canza magana. Ya ce ƙarshen mako iska za ta juyo daga arewa, sama za ta washe, kuma masu gonaki a kwari da bakin fadama su yi shiri. Da mu yake, saura kawai ya kira sunana.

Na ɗauki lauje na ce bari in yanke shi haka nan. Inna ta riƙe mini hannu, ta ce, "Ke, ciyawa za ki girbe ko hatsi? Shanu za ki yi wa gurasa?" Gaskiyarta. Na tara rassa a gefen gona don in yi hayaƙi ya lulluɓe ta, amma komai ya jiƙe sharkaf, ashana ta ƙare wuta ba ta kama ba.

Sai Inna ta hau rumbu, da ƙugun nan nata mai ciwo, ta sauko da doguwar igiyar Baba. Ka san yadda ake yi: da asuba mutum ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan, a ja ta a kan zangarniya a kaɗe raɓar kafin rana ta taɓa ta. In rana ta riga ka, an gama. To amma igiya baki biyu gare ta, Tauno. Na je wurin Jaakko, ya ce, "'Yata, tawa gonar fa? 'Ya'yana ma suna can tare da mijinki suna ɗaura wa motocin mutanen Suwidin taya." Duk ƙauyen nan babu namijin da haƙoransa suka cika.

Inna ta ce ita za ta riƙe. Matar da sai ta huta sau biyu kafin ta kai rijiya! Na ce ba za ta iya ba, ta ce ta ja igiyar nan tana ɗauke da cikina, ban isa in koya mata ba.

Don Allah ka zo. Ka ce musu matarka ba lafiya, ba ƙarya ka yi ba. Na san wataƙila takardar nan ba za ta same ka a kan lokaci ba, amma wa zan gaya wa? Gaba kura, baya sayaki. Ban taɓa roƙonka ba tun da ka tafi, yau na roƙe ka.

Matarka,
Lyyli.


Kuikkavaara,
9 ga Satumba.

Tauno,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya. Mu ma da sauƙi, Inna tari kawai take yi. Ba ka zo ba, ban kuma riƙe ka a zuciya ba. Ga abin da ya faru.

Ranar Juma'a da yamma ruwa ya ɗauke, iska ta kwanta, sama ta yi fes. Na ce kada mu ɓata lokaci da asuba wajen ɗaukar igiya, sai na naɗe ta na kai ta bakin gona na ajiye a kan dutse. Dabara nake gani na yi. Ban tuna cewa tun ranar da muka gwada ta a cikin ruwa a jiƙe take ba.

Da gari ya fara haske muka fita. Gona ta yi fari fat kamar an barbaɗa gishiri. Na kai hannu kan igiya, wayyo Tauno, ta daskare ta zama dunƙule ɗaya, tauri kamar ƙarfe. Na buga ta a kan dutse, na taka, na sa haƙori. Ko gezau. Na rungume ta na ruga ɗakin wankan tururi, na hura wuta a ƙarƙashin tukunya ina ihu ni kaɗai kamar mahaukaciya. Ruwa ya ƙi zafi. Ta taga ina hango Inna a cikin gona, ta cire gyalenta tana kaɗe zangarniya da shi, ɗaya bayan ɗaya.

Kafin igiya ta saki, rana ta hau kan itatuwa. Duk da haka mun ja ta. Mun san aikin banza ne, amma muka ja har ƙarshen gona, Inna tana faɗuwa tana tashi.

Yanzu sha'irin ya yi fari, ƙwaya ta motse, in ka matsa sai baƙin ruwa mai wari. Ruwan sama kuma ya dawo, kamar ba shi ya gudu ya bar mu ba. Jaakko ya zo ya duba, ya cire hula, bai yi ko wasa ɗaya ba. Shi ma tasa ta tafi.

Ba zan karya maganata ba. Ka karɓi gidan. Zan yi wa mai sayen shanu magana.

Abu ɗaya ne ya gagare ni. Tun jiya Inna take bin ɗan gefen tudu inda sanyin bai yi ƙarfi ba, cikin ruwan nan, tana tsintar zangarniyar da ta tsira tana zubawa a haɓar zanenta. Ta shanya su a kan murhu, ta hana kaza ko kyanwa kusanta. Ɗazu ta kira ni ta ce, "Ki daina kukan nan, shashasha, ba a kanki aka fara ba. Wanda ya sha wannan sanyi bai mutu ba, shi ne iri na gaske. Ki rubuta wa mijinki ya dawo da wuri, baɗi tudu za mu shuka."

Na ce mata to. Ga shi na rubuta.

Ka zo ka gaya mata da bakinka, Tauno. Na gwada sau uku, bakina ya ƙi buɗuwa.

Ka huta lafiya.

Matarka,
Lyyli.