Luguden Inna a Faifai

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa da kewa. Na san wannan takarda ba za ta iske ki ba, amma labarin ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai.

Faifan ya fito, Inna. Kiɗan jaz ne, wanda nake busawa a Yamai da abin da kike kira algaitar Turawa, kina cewa kukanta kamar na akuyar da aka raba da ɗanta. Sunanki na sa masa. Abin da ban taɓa faɗa miki ba shi ne, a gindin turminki na koyi kiɗa, lokacin da ke da ƙanwarki Iya Rabi kuke lugude, kina cilla taɓarya sama ki tafa kafin ta dawo.

Mun sha wahala kafin mu kamo sautin. Mai gangarmu ya gwada har ya gaji. Muka sayo turmi muka kai situdiyo, ƙarti huɗu muna dukansa ba komai a ciki, muna mamakin me ya sa yake ƙara kamar ana sassaƙa. Wa ke daka turmi wayam? Da kin gan mu da kin kore mu da muciya. Sai da na aika Matameye aka kawo geron gonarki, sannan turmin ya yi magana.

A waƙar ƙarshe taɓarya ɗaya ce, tana kwaikwayon bugunki. Gurbin Iya Rabi na bar shi shiru. Tun rasuwarki ba ta sake taɓa taɓarya ba, ko kallon turmin ba ta yi. Tsorona ɗaya, kada ta saurara ta ce ba ta ji ki a ciki ba. Da ta faɗi haka, da duk yabon mutanen Yamai ya tashi a banza.

Ran Juma'a na je Matameye na kunna mata a tsakar gida. Ta zauna fuska a ɗaure, tana taunar goro. Da aka zo waƙar ƙarshe, bakinta ya tsaya. Taɓaryarki ta sauka, shiru ya biyo, sai na ji tafi. Ta sake sauka, Iya ta sake tafawa, daidai gurbinta, ko sau ɗaya ba ta kuskure ba. Ni kuwa kuka nake ina dariya.

Kafin la'asar ta sa an fito da turmin. Furar da muka sha a ranar, ita ta daka.

Allah ya haskaka kabarinki.

Ɗanki mai algaitar Turawa,
Sani