Sunana a Kwamfuta Bakwai

Ƙofar Sauri, Katsina
Laraba

Yaya Bashira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam Sammani da yara. Yaya ƙafar Inna?

Yaya, tun Litinin ɗin makon jiya ban ƙara samun natsuwa ba. Ina zaune a ofishin makarantarmu, littafina ɓoye ƙarƙashin takardun da zan buga, sai shugaba ya aiko kirana. Tambayoyin jarrabawar 'yan aji uku sun fita. An duba babbar kwamfutar da muke ajiye takardu, wadda suke kira saba, an ga da sunana aka buɗe su ranar Asabar da hantsi. Ni kuwa lokacin ina Ƙofar Guga gidan suna.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Lokacin da Hadi yake nemana, kafin aurenmu, shi makarantar ta ɗauka ya haɗa kwamfutocinta. Duk mai shiga saba, sai ɗan akwati ya fito masa yana neman suna da kalmar sirri. A da gurbin sunan fayau yake, kowa ya rubuta nasa. Sai Hadi ya gyara, ta yadda duk wanda ya buɗe, Rahinatu zai tarar a rubuce. Kwamfuta bakwai, Yaya! Wai so yake duk inda ya zauna ya fara cin karo da ni. Kwana uku na yi ina murmushi ni kaɗai, don ko a littattafan soyayyar da nake karantawa ban ga saurayin da ya yi haka ba.

Malamai kuwa goge sunana su rubuta nasu ya zame musu aiki. Da Hajiya Hajara ta ce in faɗa mata kalmata ta huta, ta yaya zan hana sa'ar Inna? Daga ita sai Malam Almu. Yau ban san mutum nawa ke shiga da sunana ba. Duk wanda ya gaishe ni, sai in tsaya ina nazarin fuskarsa.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Rahinatu

Asabar

Yaya Bashira,

Assalamu alaikum. Na ga saƙonki, na gode. Allah ya ƙara wa Inna sauƙi.

Kwamitin da makaranta ta kafa don bincike zai zauna jibi. In ba a gano kowa ba, ni za a sallama, kuma kin san garin nan, ba makarantar da za ta sake ba ni amanar takarda.

Hadi ya roƙe ni kada in ambaci maganar sunan, wai za su karɓe aikin daga hannunsa. Na nemi ko yanzu ya cire shi, ya ce taɓa komai kafin zaman zai jawo zargi. Na tambaye shi ko saba tana nuna daga wace kwamfuta aka shiga, ya ce ba ta nunawa, idonsa na kan kwanon tuwo. Shekara biyu ke nan da aurenmu, Yaya, kullum yana ganina a gida. Me sunana yake yi a wurin har yau?

Jiya kuma Larai, sakatariyar shugaba, ta faɗa mini maigadi ya buɗe wa Hadi ofis a waccan Asabar ɗin, wai wayar kwamfuta zai gyara. Ni ce mini ya yi kasuwa za shi. Mai yiwuwa wayar ce kawai. Na ɗauko littafi don in huta da tunani, na kasa wuce shafi ɗaya. Har yanzu in na ji ƙarar babur ɗinsa sai zuciyata ta yi sanyi, shi ne abin da ya fi ba ni haushi.

Ki gaida Malam da yara. Kada ki faɗa wa Inna tukuna.

Jibi zan faɗa wa kwamiti wanda ya sa sunana, da waɗanda na ba kalmata, in nemi a kawo wani daga waje ya duba sabar. Na sanar da Hadi yau da safe.

Taki har kullum,
Rahinatu