Giɓin da Suka Bari a Sahu

Ƙofar Ruwa, cikin birnin Kano.

Zuwa ga ƙanena Malam Jibrin, Baban Rukayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Sa'ida da yara, Ya buɗa maka kasuwa, Ya tsare ku daga zazzaɓin ruwan Fatakwal ɗin nan da kake cewa ba ya ɗaukewa. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana takawa zaure da kanta, sai dai mitarta ta ƙaru, kullum sai ta tambaya ko ka manta hanyar gida. Shamsiyya ta yi arba'in, jaririyar ta yi ɓulɓul, kuma katangar bayan gida da damina ta ci an tashe ta.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Ka san gidan nan, in na yi tari a ɗaki ana ji a zaure, kuma ba na son ɗana Abdulmalik ya ji ina maganarsa. Ban da haka, a waya kuka yake riga ni magana. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun da ya koyi riƙe biro bayan ya aurar da 'ya ne. Ɗanjuma direba zai kawo maka ita, gobe zai taso da lodin albasa.

Maganar da na yi maka sati biyu da suka wuce, cewa ka gaya wa abokinka Alhaji Ilu ya sallami Abdulmalik daga gidan buga takardunsa ya dawo gida ya zauna, to na janye ta. Ka ce in ba ka lokaci ka yi tunani, na ji haushinka a ranar. Yanzu ina gode wa Allah da ka jinkirta. Bari in gaya maka abin da na ji da abin da na gani da idona.

Ka san shekara uku farfaɗiyar ba ta kayar da shi ba, tunda ya riƙe shan maganin asibiti safe da yamma. Wannan karon aiki ne ya taru musu, ga katunan biki ga takardun jarrabawar makarantu, ya yi kwana uku barci bai ishe shi ba. Ranar Talata da hantsi yana zaune gaban kwamfutarsa sai ya faɗi. Shi ba ya tuna komai. Halima mai abinci, wadda take kai musu shinkafa da wake kullum, ita ta ba ni labarin, tana yi tana riƙe baki. Ta ce mutum huɗu suka danne shi kamar za a yanka rago. Bashir mai injin yankan takarda ya fizgi cokali daga kwanonta ya tura masa a baki da ƙarfi, wai kada ya haɗiye harshe, har haƙorinsa na gaba ya karye. Wani ya matse masa albasa a ido. Wani ya durƙusa a kunnensa yana daka wa aljani tsawa, wai ya faɗi sunansa da inda ya fito. Wani kuma, Allah Ya isa, yana tsaye yana ɗauka a waya.

Jibrin, wannan duk na yafe musu, ban da mai wayar. Ni ma na tura masa cokali lokacin yana ɗan shekara bakwai, kafin wata malamar asibiti ta zaunar da ni ta ce ba a haɗiye harshe, a kwantar da shi a gefe ɗaya, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a jira ta sake shi. Wanda bai sani ba ya ruɗe, ban ga laifinsa ba. Abin da ya biyo baya ne na kasa yafewa har yanzu.

Yana farfaɗowa, kafin ma wani ya ce masa sannu, Bashir ya jefa cokalin a kwata, ya wanke hannunsa da kananzirin da suke goge inji da shi. Suka ɗebo toka daga murhun Halima suka zuba inda yawunsa ya zuba, suka kewaye wurin, kwana biyu ba mai takawa. Da ya koma aiki bayan sati, ya tarar an ɗaura jan ƙyalle a hannun wata buta, an ce tasa ce. Shekara huɗu suna cin abinci a faranti ɗaya, su shida. Yanzu in Halima ta kawo, sai a ɗiba masa nasa a leda a miƙa masa da yatsu biyu. Sun raɗa masa suna Nepa. In ya shigo da safe sai a ce wai an kawo wuta, in ya yi shiru yana duban aikinsa sai wani ya ɗaga murya wai ku riƙe shi, za a ɗauke, sai a kwashe da dariya. Har da wani mai digiri a cikinsu, mai yawan Turanci, ya ce kada a bar shi ya zauna gaban fanka, wai iska za ta kwaso ciwon ta raba wa mutane. Da digirinsa fa! Ni da na shiga aji ina da jika na fi shi sanin wannan. Shekara ashirin nake share kumfar bakin yaron nan da hannuna da bakin zanena, ga ni garau, ko mura ban yi ba.

Abdulmalik bai gaya mini ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kullum in ya dawo sai ya ce lafiya lau, ya ci tuwo, yana tauna da gefe ɗaya.

Ranar Alhamis da ta wuce na kasa haƙuri. Na je asibiti na roƙi likitansa ya rubuta mini takarda, ya rubuta da Hausa da Turanci cewa ciwon ba a ɗaukarsa, ba ta yawu ba, ba ta kwano ba, kuma yaron zai iya aikinsa. Na ɗauka na nufi Ƙofar Ɗan Agundi, wurin aikinsu. Na isa ana kiran azahar, sai na zauna a bencin Halima a tsallaken titi ina jiran su idar. Suka shimfiɗa tabarmi a gaban shago kamar yadda suka saba. Na ga ɗana ya yi alwala da butarsa mai jan ƙyalle, ya je ya tsaya a ƙarshen sahu. Liman ya waiwayo ya ce a daidaita, a haɗa kafaɗa, a toshe giɓi. Kowa ya matsa, ƙafa ta taɓa ƙafa, har zuwa kan na kusa da shi. Daga nan sai fili, filin da mutum guda zai tsaya. Liman ya gani. Ya juya ya kabbara.

Ana cikin raka'ar farko sai ga wani dattijo ɗan dako, da gani daga ƙauye yake, ya jingine baronsa ya yi alwala da sauri. Ya hango wuri a sahu ya shige, ya kama hannun rigar Abdulmalik ya jawo shi jikinsa, ya haɗa ƙafarsa da tasa. Wallahi, Jibrin, hawaye suka zubo mini, na ce ashe akwai sauran mutane. Aka sallame. Dattijon ya miƙa masa hannu suka gaisa. Sai na ga Bashir ya matso ya raɗa wa bawan Allahn nan magana a kunne yana nuni da haɓa. Dattijon ya zabura. Ya ɗauki buta ya koma bakin kwata ya wanke hannunsa, ya wanke ƙafar da ta taɓa ta ɗana, ya dirje ta da ƙasa, ya jiƙa kafaɗar rigarsa, yana ta a'uziyya. Shi ban ji haushinsa ba, abin da aka gaya masa ya ɗauka. Amma a ce mutum ya idar da salla, goshinsa da ƙura, aikin farko da zai yi shi ne ya bi baƙo ya ɓata masa alherin da ya yi! Abdulmalik yana zaune a wurin yana tasbihi, duk a idonsa aka yi. Ya tashi ya naɗe tabarma ya shiga ciki. Halima ta zubo mini abinci, na kasa ko kallonsa.

Na shiga wurin Alhaji Ilu. Ya tarbe ni da fara'a, Hajiya sama Hajiya ƙasa, ya sa aka kawo lemo. Na miƙa masa takardar likita, ya karɓa da hannu biyu, ya ajiye, ya ɗora wayarsa a kai, har na fito bai buɗe ta ba. Ya ce shi kam ya san komai daga Allah ne, kuma bai taɓa samun mai tsara kati kamar Abdulmalik ba, amma in duba, ma'aikata sun tsorata, masu kawo aiki kuma kada su gani su gudu. Ashe har ya mayar da teburin yaron cikin sito, tsakanin kwalaye, inda ba taga. Sannan ya tuna mini cewa ranar da abin ya faru, a asibiti, ni da bakina na ce yaron ya gama aiki. Gaskiya ne na faɗa, ina ganin jini a rigarsa. Ya ce to shi yanzu kai kawai yake jira, ƙarshen wata zai kira ka, tunda kai ka kawo masa yaron. In ka ce iyali sun nemi a sallame shi, shi ke nan, an rabu cikin mutunci, ba wanda zai ce Alhaji ya kori mara lafiya. Yana faɗa yana murmushi. Ban sha lemonsa ba.

Duk da haka na dawo gida da niyyar in hana shi komawa. Bayan magariba na kira shi na ce ya isa, ba zan haifi ɗa in kai shi inda ake wanke ƙafa don an taɓa shi ba. Ya yi dariya yana kare bakinsa da hannu, ya ce ai ya gan ni a bencin Halima, wai ko a cikin mata dubu ya san zaman Umma. Ya ce abin yana yi masa ciwo, ba zai ɓoye mini ba, wata rana ledar abincin ma a aljihu yake sa ta ya zubar a hanya. Amma ya ce in lura, makon farko wurin mutum biyu suke bari, yanzu na mutum ɗaya ne. Sai ya tambaye ni, in ya dawo gida, me zai zama. Ya ce ya san ni: zan tsaya masa a ƙofar banɗaki, in hana shi kusantar murhu, in hana shi hawa bene, in leƙa shi sau goma in ya yi shiru. Ya ce a can, ko suna dariya, akwai masu zuwa tun daga kasuwar Kurmi su ce Abdulmalik suke so ya tsara musu kati, ba wani ba. A gida kuwa sunansa mara lafiya, daga safe har dare. Ya ce in Alhaji zai kore shi ya kore shi, zai nemi wani wurin, amma kada a ce uwarsa ce ta cire shi.

Gaskiyarsa ne, duk abin da ya lissafa zan yi. Tsoro bai bar ni ba, Jibrin. Kullum ya fita sai na bi bayansa da addu'a har ya sha kwana, in waya ta yi ƙara gabana ya faɗi. Ban ce mutanen nan za su gyaru ba, ban ga alama ba tukuna, kuma in na tuna Bashir har yanzu yawu ɗaci yake mini.

Ga abin da nake roƙonka, don zumunci. In Alhaji Ilu ya kira, ka ce masa iyali ba su nemi a sallami kowa ba. Ka ce ya buɗe takardar da ke ƙarƙashin wayarsa ya karanta wa ma'aikatansa da bakinsa, shi suke jin tsoro. Ya fito da teburin yaron daga sito, ya kwance ƙyallen butar nan, ya sa mai wayar ya goge abin da ya ɗauka, ya daina sa shi aikin da zai hana shi barci. In ya ce ba zai iya ba, to ya kira Abdulmalik ya dube shi ido da ido ya ce na kore ka saboda ciwonka, ya ɗauki alhakinsa ya kai gaban Allah. Kada ka ara masa bakina ya kori ɗana da shi.

Ka gaishe mini da Sa'ida ƙwarai, ka ce yajin da ta aiko ya ƙare tuni. Ka shafa mini kan Rukayya da Salihu, Allah Ya yi musu albarka, Ya raba su da ciwo da bakin mutane. Inna tana gaishe ka, Shamsiyya da mai gidanta suna gaishe ka. Abdulmalik bai san na rubuta ba, yana tsakar gida yana goge kaftanin da zai sa gobe. Ƙarfe bakwai zai fita, kuma ba zan tare ƙofa ba.

Allah Ya sada mu da alheri.

Yayarka,
'Yardada