Motarka Tana Nan Tana Kallon Alƙibla

Alhaji,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma yi maka addu'ar da na saba kowace salla. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana da rai ma, da cewa za ka yi in ajiye maka a kan talabijin sai ka nemo tabarau, shi ke nan an gama. Amma maganar taka ce, kuma na rasa wanda zan kai wa.

Gida lafiya. Na fita takaba. Hadiza ta sauka, namiji, an sa masa sunanka, saboda haka yanzu ni da jikana sai dai in ce Alhaji Ƙarami. Kunnuwanka ne da shi, Allah Ya ba shi haƙuri. Abba yana nan a kamfanin kujeru, ya kuma ƙara da tuƙin tasi ran Asabar da Lahadi. Yaransa in na yi musu Hausa sai su amsa da Turanci, kamar yadda ka bar su.

Malam ya zo an raba gado. Ya ce abin mamaci ba a barinsa yana jira. Komai ya rabu lafiya, sai motarka. Da aka zo kanta na tambayi Malam ko tumunina ƙofa ce ko taya, ya yi dariya, yara ba su yi ba. Daga baya suka haɗa baki suka ce sun bar mini nasu kason, in yi yadda na ga dama. Mutane suna ta cewa Allah Ya yi musu albarka. Amin. Amma ni na san abin da suka bar mini.

Tana nan inda ka ajiye ta, a ƙarƙashin tagarmu. Tayoyin sun kwanta. Tsatsa ta ci gindin ƙofa, in ka zauna a kujerar direba kana ganin kwalta ta tsakanin ƙafafunka. Kurege ya yi gida a injin. Labulen da na ɗinka maka rana ta cinye kalarsa. Gadon ciki da ɗan murhun suna nan, rufin da ke ɗagawa kamar tanti kuwa ban bari kowa ya taɓa ba, kada ya ɗaga ya ƙi saukowa.

Ka tuna ranar da ka shigo da ita? Wani tsoho a unguwar Irving Park, nan Carolina, da kake yanke wa ciyawa ya sayar maka. Tana tafe tana tari, kai kuwa kana murmushi kamar ka sayo jirgi. Ka ce za ka gyara ta, ka sa ta a jirgin ruwa zuwa Kwatano, daga nan mu kama hanya ni da kai har Maraɗi, mu dafa shayi a inda muka ga dama, mu kwana a inda dare ya yi mana. Na ce maka wannan ai akurki ne. Sunan ya bi ta, har kai ka koma cewa za ka sauka wajen akurki.

Abin da ya sa ta zama ta kowa kuwa ka sani. Duk wanda ya iso daga gida, in zai yi salla sai ya dubi inda rana ke fitowa ya tayar, kamar yana Tasawa ko Damagaram. Ka gaji da yi wa mutane bayanin cewa a ƙasar nan sai an karkata arewa. Ranar da motar ta yi tafiyarta ta ƙarshe, ka sa aka tura ta, kana riƙe da kamfas, sai da hancinta ya daidaita da alƙibla. Ta cinye wurin mota biyu. Tun daga ranar, baƙo in ya tambaya sai a ce ya leƙa taga ya ga inda motar Alhaji ta sa gaba. Tsohon manajan gidajen nan ya yi faɗa har ya gaji, ka riƙa kai masa naman layya, ya daina ganinta.

To, an canza manaja. Wannan yarinya ce, ba ta san ka ba, ba ta kuma ci namanka ba. Ta manna wata takarda ruwan lemo a gilashi: motar da ba ta tashi, ba ta da lamba mai rai, a ɗauke ta kafin ƙarshen wata ko su kira janwe. Ban ga laifinta ba. Aikinta take yi.

Sai ga wani Bature daga garin Summerfield, mai dawakai. Wai ya hango ta yana wucewa ta High Point Road. Ya zagaya ta, ya kwanta a ƙasa ya leƙa cikinta, ya tashi yana shafa ta kamar wanda ya ga ɗan'uwa a kasuwa. Ashe akurkin nan yana da masu so, Alhaji. Ashe nemansu ake yi. Da Hadiza ta gaya masa mai ita ya rasu, ya cire hularsa. Ya ce zai mayar da ita sabuwa, ya ajiye ta a rumfa ruwa ba zai taɓa ta ba. Na sa Hadiza ta tambaye shi ina za ta fuskanta in ya ajiye ta. Bai gane ba. Ita ma ta ji kunya ta ƙi ƙarasa fassarar.

Hadiza tana so a sayar. Ta ce ƙarfe ne, ba kai ba ne, kuma duk sanda ta zo ta same ni a taga sai zuciyarta ta karye. Ta sayo mini darduma mai kamfas a jiki. Abba kuwa ya rantse ba za a sayar ba. Zai gyara, zai kai Kwatano, zai tuƙa ta har ƙofar gidan mahaifinka. Makaniken nan ɗan Kumasi ya duba ya ce walda za ta fi ƙarfen yawa. Abba ya ce ya ji. Ina zai sami lokaci? Wanda barci ma sai a cikin tasi yake yi in ya yi fakin? Ɗanka ne. Zai saya mata sabon batir, ya zauna a ciki, shekara ta zagayo.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk sanda ka murza lakile, makullin nan nata, ta ƙi tashi, kana tsaki, ni hamdala nake yi a zuciya. Ba na son komawa, Alhaji. Iyayena sun tafi, ƙawayena sun watse, jikokina suna nan. Na bar ka kana lissafin hanyar Dosso da Birnin Ƙonni, ina cewa Allah Ya kai mu, alhali ina roƙon kada Ya kai mu tukuna. Ka gane? Ina jin ka gane. Wace irin mota ce za ta gagari mutum kamarka shekara da shekaru, in ba shi ma yana jan ƙafa ba? Ko kuwa ni nake faɗa wa kaina haka don in samu sauƙi?

Yanzu ga ka kwance a ƙasar Carolina, a jan ƙasar da kake cewa ba ta da ƙamshi in an yi ruwa. In Abba ya kai ta gida, ta isa ba kai, ba ni. In Bature ya ɗauka, za ta yi kyau irin wanda ba ka taɓa gani ba, a wurin da ba zan taɓa zuwa ba. In na yi shiru janwe ya yanke mini. Wanne ne ba rabuwa ba?

Ka san halina, ba na iya kallon idon mutum in ce a'a. Da Hadiza ta ce Baturen zai zo da tirela ran Asabar da hantsi, na ce to. Da Abba ya bugo ya ce zai bar tasi ran Asabar ya zo da mai walda, na ce to. Babu wanda ya san da zuwan ɗayan. Yau Alhamis.

Kakata in tana ba mu tatsuniya ta kai inda ba ta san ƙarshe ba, sai ta yi hamma ta ce barci take ji. Ni ban da wannan hanyar. Kai ne ka saba sa hula ka sauka ƙasa ka yi magana da mutane, ni ina kallo ta labule, sai in ga kowa ya tafi yana dariya. Ran Asabar wa zai sauka?

Lakilen yana cikin aljihun babbar rigarka, inda ka bar shi. Dardumar Hadiza tana cikin ledarta. La'asar ta yi, bari in leƙa taga in tayar, tun tana nan.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya sa ka isa gidan da ya fi Maraɗi.

Taka,
mai ce mata akurki