Muryar Baba a Akwatin Katako

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya gajiya? Umma tana gaishe ka.

Akwatin ƙara murya da ka haɗa wa Baba bayan aikin maƙogwaronsa ya fara ba mu wahala. Da an kunna sai ƙugi, har tashar rediyo yake kamawa. Jiya Baba yana cewa a kawo masa ruwa, sai wani mutum ya fito ta lasifika yana tallan maganin basir. Matar maƙwabcinmu ta fashe da dariya. Tun daga nan Baba ya ajiye makirufo, sai nuni da hannu. Na gaji da cankar abin da yake so.

Ka huta lafiya.
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Katakon akwatin ba ya tare rediyo. Ki cire shi daga wuta, ki fasa gwangwanayen madara ki lulluɓe cikinsa, ki ɗaure gwangwanin da baƙar wayar nan ta gefe. Kada ya taɓa sauran wayoyin. Yanzu na tashi aiki, da ƙyar nake riƙe biro.

A gaida su Baba.
Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na yi yadda ka ce, har na yanke yatsa. Ko'ina na rufe, har ramukan baya. Mai maganin basir ya tafi.

Amma yanzu akwatin zafi yake kamar dutsen guga, ga ƙauri, sai ya ɗauke. Umma ta yi ta masa fifita tana cewa, “Majinyata sun zama biyu.” Da ƙyar na lallashi Baba ya karɓi makirufo. Ya ce, “Ki ce wa yayanki...” sai ɗif. Ya juya fuska bango.

Sai na ji daga gare ka.
Auta

*

Auta,

Sannu da yatsa. Ban ce ki toshe masa hanci ba, sarkin aiki! Ki huda ƙananan ramuka da ƙusa, sama da ƙasa, da yawa. Iska za ta wuce, rediyo ba zai wuce ba. Ki ɗaga shi daga kan katifa.

Me Baba yake son faɗa min?

Yayanki

*

Yaya,

Barka da aiki. Na huda. Ba zafi, ba ƙugi, har faɗa Baba ya yi mana yau.

Na tambaye shi saƙonka. Ya kashe akwatin da kansa, ya ce wannan ba ta lasifika ba ce. Wai ka zo ka zauna kusa, raɗa ta isa.

Allah ya kawo ka lafiya.
Auta