Isnadin Kafireta

Asabar, 4 ga Safar

Da sunan Allah. Yau aka janyo tsohuwar motar daga bayan gida zuwa garejin bakanike, bayan shekarun da ta yi kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Ni da Dogo, abokin karatuna, muka saye ta tare muna samari. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, roƙonsa ɗaya ne: in kai shi tsohuwar makarantarmu ta bakin kogi a cikinta, ba a wata ba. Na yi masa alkawari. Likita ya ce wa iyalinsa kada a jinkirta abin da yake so.

Talata, 7 ga Safar

Bakanike ya ce injin lafiya lau, birki da taya da fenti abu ne mai sauƙi, kafireta ce ta mutu. An daina ƙera irinta, sai a kasuwar gwanjo. Na gindaya sharaɗi: ba za a ɗaura mini abin da ban san asalinsa ba. Kowa ya san wasu kayan kasuwar nan daga motocin sata ake kwance su. Ya dube ni kamar na ce ya gyara ta da carbi.

Laraba, 15 ga Safar

Na je kasuwar da kaina. Rumfuna cike da ƙarafa, baƙin mai ya ɓata mini gefen riga. Na sami kafiretar a hannun wani mai tumbi. Na tambaye shi daga wa ya saya. Ya ce daga wani dillali. Shi dillalin fa, daga wa? Ya yi dariya har da riƙe ciki: "Allah ya gafarta Malam, hadisi ka zo saya ko ƙarfe? Isnadi kake nema?" Maƙwabtansa suka taya shi. Na ajiye masa kayansa na fito, raina a ɓace. Abin haushin, girmanta daidai ne.

Juma'a, 17 ga Safar

Babu labari. Bakanike ya ce mota ta tare masa wuri.

Litinin, 27 ga Safar

An kawo wata daga hannun wani direba da ya rantse ta motar mahaifinsa ce. Na yi murna, har na yi sujadar godiya. Aka ɗaura, ta yi tari sau biyu, ta tofar da mai, ta yi shiru. Asali mai kyau, aiki babu; na san ɗalibai masu irin wannan siffa.

Hajiya, maiɗakina, ta ce, "Malam, ga motar ɗanka nan sabuwa fil, ka ɗauki bawan Allah ku je mana." Na bayyana mata cewa alkawari ya faɗa a kan wannan motar ne a ƙayyade. Ta ce ita ba ta yi karatun ba, amma ta san mara lafiya ba ya jiran fenti ya bushe. Na kasa cin abincin rana.

Lahadi, 4 ga Rabi'ul Awwal

Na je duba Dogo. Ya rame ƙwarai, magana tana fita da ƙyar ta gefen baki, amma harshen yana nan da kaifinsa. Ya tambayi mota, na kwashe labarin duka na faɗa masa, ina zaton zai yaba.

Ya ce, "Kai da bakinka ka karantar da cewa abin da ke hannun mai sayarwa nasa ne, sai in hujja ta bayyana. Ko babin ya goge daga littafinka?"

Na ce tsantseni daban, hukunci daban.

Ya ce, "Tsantseninka da kwanakina kake yin sa, Sarkin Shakka. Naka kwanakin ka taɓa?"

Na kawo masa maganganun malamai guda biyu. Ya lumshe ido, ban sani ba ko barci ne ko gajiya da ni. Da zan fita ya ce, ba tare da ya buɗe idon ba, "Tsoron tafiyar kake yi, don ka san ita ce ta ƙarshe."

Wannan zato ne, kuma zato ba hujja ba ne. Duk da haka na yi kuskure a karatun Magariba, har ladan ya gyara mini.

Talata, 6 ga Rabi'ul Awwal

Na sake duba babin. Yana nan yadda ya faɗa. Ai na san yana nan.

Alhamis, 8 ga Rabi'ul Awwal

Jiya na ce wa bakanike ya yi abin da ya ga ya dace. Ban ce ya je wurin mai tumbi ba, ban kuma tambaye shi inda ya je ba. Da hantsi motar ta tashi da murɗawa ɗaya.

Likita ya ce kogi ya yi nisa yanzu. Ko rabin hanya jikin Dogo ba zai ɗauka ba. 'Ya'yansa suka ɗauko shi a kujera, suka zaunar da shi a gaba, aka tokare shi da matasai. Muka zaga unguwa a hankali: bayan masallaci, layin masu kayan miya, mu dawo. Ya sa a sauke gilashi. Da muka iso ƙofar gida ya ɗaga yatsan hannunsa mai lafiya, na gane, muka sake zagawa.

Ya ce, "Har yanzu ba ka iya sa giya ta uku ba."

Na ce gobe zan gyara. Bayan La'asar zan zo in ɗauke shi, in Allah ya kai mu, da jibi ma. Fentin ya jira.