Muryarka da Gwaggo take jira

Zuwa ga Bello ɗan Gwaggona, taubashina, bawana har a kabari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da fatan Allah Ya yalwata maka makwanci. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san a aji huɗu ni da boko muka yi sallama.

Ran kasuwar Bukkuyum na yi abin kunya. Na duƙa ina leƙen bakina a madubin mashin ɗin wani, na ja leɓe ƙasa, na jingina da ƙarfi, mashin ya tafi ya kwashi na kusa da shi, su ma suka kwashi na gaba. Aka same ni tsaye riƙe da leɓe. Na ce hakin nama nake cirewa. Wa ya ga na sayi nama?

Abin da nake dubawa wani farin tabo ne, Bello, a gefen harshe, wajen da nake ajiye taba. Sati biyar ke nan. Ba ya ciwo, kuma ko na kankare ba ya fita. Ka san shi.

Ni na koya maka garin taba da kanwa, a ramin zinari a Bagega. Ka tofar, ka yi ta tari, na ce maka namiji ba ya tofarwa, tana kashe yunwa. Zinarin ba mu samu ba, tabar ce muka dawo da ita gida.

Ranar da ka nuna mani naka tabon muna gindin ɗorawa muna sussuka. Ka ce ƙurji ne ya kai wata biyu bai warke ba, ka ce, “Isah, ba wasa nake ba.” To ai da wannan kalmar kake fara kowace tsokana tun muna kiwon awaki. Tsakanin taubasai wa ke ɗaukar maganar wani da gaske? Na ce tsiren sata ne ya ƙone ka, ka kurkure da ruwan gishiri.

Haƙori ya fara girgiza, na ce tsufa ne. Ƙullutu ya fito maka a wuya, na ce abincin da kake ɓoye wa baƙi ne. Da harshenka ya yi nauyi, magana ta fara sarƙewa, sai na samu sabuwar sana'a. Ina kwaikwayonka a majalisa, mutane na riƙe ciki. Kai ma kana murmushi da rabin baki, don al'ada ba ta ba ka damar fushi da ni ba. Mashin ɗina na jingine a zaure duk wannan lokaci, kuma na san hanyar asibiti.

Sai da ko kunu ya daina wucewa muka kai ka Gusau. Likita ya ce ciwon daji ne, ya tambayi wa ya fara gani. Na kalli takalmina.

Ɗiyata Hadiza, wadda kake kira Likita tun tana rarrafe, yanzu tana aiki a wani ɗakin shan magani a Gummi. Labarin mashinan ya riga ni zuwa wajenta. Ba ta yi dariya ba, ta haska tocila ta ce in buɗe baki. Ta ce duk gyambon baki da ya wuce sati biyu bai warke ba, ko tabo fari ko ja, ko jini ba dalili, na asibiti ne, kuma wanda ba ya ciwo ya fi yaudara. Ta ƙwace gwangwanin tabar. Ran Alhamis za ta kai ni asibiti a ɗan yanki naman wajen a auna. Ta ce in an kama da wuri ana warkewa, amma wataƙila a taɓa harshen, magana ta canza.

Wannan ne ya sa na zauna rubutu. Da na je Zugu gaida Gwaggo da sallah, na tarar idonta ya tafi gaba ɗaya, ta laluba hannuna ta ce, “Kai da ke kwaikwayon kowa, yi mani muryar Bello in ji.” Na buɗe baki, sai na tarar wadda ta rage mani ita ce ta majalisa, mai nauyin harshe. Taka ta gaskiya, wadda kake kiran shanu da ita a ji ka a ƙetaren fadama, na neme ta na rasa. Na ce mata mura nake yi.

Kwana uku ke nan ina zuwa bayan gari ina gwadawa. Jiya na kama yadda kake jan “Innaaa” in ka shigo gida, sauran bai zo ba tukuna. Ran Laraba zan je mata da abin da na samu, kafin wuƙa ta taɓa ni. Zan kuma gaya mata wa ya ba ka taba da wa ya yi maka dariya. In ta kore ni, ta yi daidai.

Allah Ya sa wahalar da ka sha ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinka, Ya ba Gwaggo haƙuri. Ni kuma Ya ara mani harshen nan zuwa Laraba.

Naka da bai roƙi gafararka ba kana da rai,
Isah.